Tarkon Ma'ana a Wasu Kalmomin Ingilishi: Jan Hankali ga Mai Fassara

1.0 Gabatarwa

An saba ɗauka cewa baƙuwar kalma ce ke wahalar da mai fassara. Wannan maƙala za ta nuna cewa sananniyar kalma ta fi ta haɗari, domin baƙuwa takan tura mutum ga ƙamus, ita kuwa sananniya takan sa shi ya saki jiki.

2.0 Sauyin Ma'ana

Babban Ƙamusun Oxford, wanda aka kammala a 1928, aka kuma sake buga shi cikin juzu'i 20 a 1989, ya bi diddigin kowace kalma bisa tarihi. Daga nan ake gane cewa "nice", wadda a yau ke nufin abu mai daɗi, ta samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar jahili, kuma da ma'anar wawa ta shigo Ingilishi. Haka nan "meat" a dā tana nufin abinci kowane iri, kafin ta taƙaita ga nama.

Wani lokaci tsohuwar ma'ana takan maƙale a harshen hukuma. Kowane ɗalibi ya san "let" da ma'anar ƙyalewa, amma a jawabin da ke cikin fasfon Birtaniya tana nufin tsaiko ko hanawa.

3.0 Kalmomi Masu Baki Biyu

Kalmar "sanction" tana ɗaukar ma'anar amincewar hukuma, tana kuma ɗaukar ma'anar takunkumi; muhallin da ta fito ne kaɗai ke bambancewa. Al'amarin "table" ya fi wannan sarƙaƙiya. A majalisar Birtaniya, da ta Nijeriya, aikatau ne mai nufin gabatar da ƙuduri domin muhawara, alhali a majalisar Amurka yana nufin jingine shi. Ke nan mai fassara labarai da bai lura da ƙasar da labarin ya fito ba, yana iya shaida wa dubban masu sauraro kishiyar abin da ya auku.

4.0 Kammalawa

Ƙamusun harshe biyu, irin na Roxana Ma Newman na 1990, mataki ne na farko kawai. Wajibi ne a horar da ɗalibin fassara ya riƙa yi wa kowace kalma tambayoyi uku: wane zamani, wace ƙasa, kuma wane fage? A kotu ko a gidan rediyo, amsarsu ce ke raba gaskiya da kuskure.