Manhajar Kwandon Sayayya a Kantin Intanet: Ina Iyakar Laifinta?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wani ƙorafi da aka daɗe ana ji daga bakin masu kantunan intanet, watau cewa manhajar da ke riƙe da kwandon sayayya ita ce take wahalar da masu saye, har ta hana ciniki faɗawa. Ƙorafin ba ƙarami ba ne, domin a kansa ne mai kanti yakan yanke shawarar rushe kantinsa ya sake ginawa bisa wata manhaja, aikin da kan ci kuɗi da watanni. In zargin gaskiya ne, to ya yi dabara. In kuwa ba a nan gizo yake saƙa ba, ya yi asara biyu ke nan.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita kalmomi. Da yawa daga cikinmu mun fara sanin kalmar manhaja ne a makaranta, inda take nufin tsarin darussa, amma a nan muna amfani da ita da sabuwar ma'anarta, ta jerin umarnin da ke sa kwamfuta aiki. Kwandon sayayya kuwa shi ne wannan sashe na kantin intanet da mai saye yake tara abin da ya zaɓa kafin ya biya. Sa'an nan abin da muke kira faɗawar ciniki shi ne yawan waɗanda suka biya kuɗi daga cikin waɗanda suka leƙo kantin, wanda a galibin kantuna bai cika wuce mutum 2 ko 3 cikin ɗari ba.

2.0 Asalin kwando da matsalar mantuwa

Sunan aro ne daga kantin ƙasa. A shekarar 1937 wani ɗan kasuwa mai suna Sylvan Goldman, a birnin Oklahoma na Amurka, ya lura cewa da zarar kwandon hannu ya yi wa mai saye nauyi sai ya daina ɗiban kaya ya nufi wurin biya. Sai ya sa aka ƙera masa wani ɗan amalanke mai ƙafafu da ke ɗaukar kwanduna biyu. Abin mamaki, da farko mutane ƙin sa suka yi: maza suna ganin kasawa ce a gan su suna tura shi, mata kuma suka ce sun gaji da tura keken jarirai. Sai da ya ɗauki hayar mutane suna zagaya kantin da shi kamar masu sayayya kafin jama'a suka saba. Ashe tun a wancan lokaci an gane cewa mazubi yana iya ƙayyade yawan abin da za a saya.

Da kasuwanci ya hau intanet sai matsalar ta sake kama. Ƙa'idar da shafukan intanet suke aiki da ita ba ta da tuni. Duk lokacin da mutum ya buɗe sabon shafi, kwamfutar kantin tana ɗaukarsa baƙo ne da ba ta taɓa gani ba, tamkar mai tebur da kan manta fuskar abokin cinikinsa da zarar ya waiga. A irin wannan hali ba yadda za a yi a tara kaya a kwando. A 1994 ne Lou Montulli, wani injiniya a kamfanin Netscape, ya fito da maganin abin, watau 'yar alamar nan da ake kira kuki, wadda kanti yake ajiyewa a na'urar mai saye don ya gane shi in ya dawo. To amma maganin bai cika ba har yau. Idan manhaja ta dogara ga wannan alama kaɗai, wanda ya cika kwando a wayarsa da rana ya koma kwamfuta da dare zai tarar da shi wayam. Wannan iyaka ce ta gaskiya, kuma laifinta yana wuyan manhaja.

3.0 Tsawon hanya daga kwando zuwa biya

Babu abin da ya nuna darajar gajerar hanya kamar shari'ar da aka yi a kanta. A watan Satumba na 1999 hukumar Amurka ta ba kamfanin Amazon haƙƙin mallakar dabarar saye da latsa maɓalli sau ɗaya tak, inda ake amfani da adireshi da lambar katin da mai saye ya riga ya bayar. Nan da nan Amazon ya kai ƙarar kantin littattafai na Barnes & Noble, kotu ta hana shi amfani da irin wannan dabara ana tsakiyar cinikin Kirsimeti, dole ya ƙara wa masu sayensa latsawa ta biyu. Kamfanin Apple kuwa biyan kuɗi ya yi a 2000 aka ba shi izini. Sai a 2017 wa'adin haƙƙin ya ƙare. Manyan kamfanoni ba za su je kotu a kan latsawa guda ba sai don sun san abin da take kawowa.

Manhajojin da ƙananan 'yan kasuwa suke ɗauka su gina kanti sun sha bamban ta wannan fuska. Magento, wadda ta fito a 2008, ta zo da matakai shida kafin a kammala biya: zaɓen shiga da rajista ko a matsayin baƙo, adireshin mai kati, adireshin da za a kai kaya, hanyar kai kayan, hanyar biya, sa'an nan a sake duba komai. Da aka fito da Magento 2 a 2015 sai aka mai da su biyu. Masu manhajar da kansu ke nan suka amsa cewa hanyar ta yi tsawo.

Sai dai akwai misalai biyu sanannu da ya kamata mu tsaya a kansu, domin ana yawan kawo su a matsayin hujja a kan manhaja, alhali abin da suke nunawa daban ne. Na farko shi ne wanda masanin nan Jared Spool ya ba da labari a 2009, game da wani babban kanti da bai ambaci sunansa ba. Kantin ya kan tare mai saye bayan ya cika kwando, ya ce sai ya yi rajista ko ya shigar da kalmar sirrinsa. Masu kantin suna ganin alheri suke yi, don a sauƙaƙa wa mutum zuwa na gaba. Da aka zauna aka kalli mutane suna sayayya sai aka ga sababbi suna jin haushin rajistar, tsofaffi kuma sun manta kalmar sirri. A rana guda ana samun masu neman a tuna musu har 160,000. Aka cire maɓallin rajista aka sa na ci gaba, tare da bayanin cewa ba dole sai da rajista ba. Yawan masu saye ya ƙaru da kashi 45 cikin ɗari, kuma a shekarar farko kantin ya sami ƙarin ciniki na dala miliyan 300.

Na biyu na kamfanin tafiye-tafiye ne na Expedia, wanda labarinsa ya fito a 2010. A takardar biyansu akwai wani gurbi da ba dole a cika ba, na sunan kamfani, a ƙarƙashin gurbin sunan mai saye. Wasu da suka riƙe katin banki a hannu sai suka zaci sunan bankinsu ake nema, suka rubuta shi, sa'an nan suka bi shi da adireshin bankin a maimakon nasu. Da aka gwada adireshin da na mai katin sai ya saɓa, biya ya ƙi shiga, mutum ya tafi. Cire wannan gurbi guda ya kawo wa kamfanin ƙarin riba ta dala miliyan 12 a shekara.

Abin lura a nan shi ne, a duk misalan biyu ba a canja manhaja ba. Ba ita ta hana a bar baƙo ya saya ba, ba ita ta nace sai an tambayi sunan kamfani ba. Wani mutum ne ya yanke shawarar, ko kuma ya tarar da abin haka ya bar shi. A ganinmu mafi yawan abin da ake kira gazawar manhaja irin wannan ne: tsarin da ta zo da shi daga masu ƙera ta, wanda ake iya sauyawa amma ba wanda ya taɓa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

4.0 Kwandon da aka yasar

Alƙaluman da aka fi razana masu kanti da su su ne na Cibiyar Baymard da ke ƙasar Danmak, wadda ta tattara sakamakon bincike-bincike masu yawa ta nuna cewa kimanin kwando 70 cikin ɗari yasar da su ake yi ba a biya ba. Masu tallan sababbin manhajoji suna son wannan adadi ƙwarai. Amma binciken cibiyar da kansa ya nuna cewa babban kaso na waɗannan mutane dama ba saye ya kawo su ba. Kallo suke yi, ko gwada farashi, kamar mai taya kaya a kasuwa don ya ji kuɗinsa ya wuce. Kwando ya zama musu wurin ajiye abin da suke sha'awa. Babu manhajar da za ta mai da ɗan kallo mai saye.

A cikin waɗanda suka zo da niyyar saye kuwa, dalilin da ya saba zuwa na farko a binciken shi ne ƙarin kuɗin da ba a zata ba, watau kuɗin kai kaya da haraji da makamantansu. Wannan shawara ce ta ciniki. Rabon manhaja a ciki ɗan kaɗan ne, wato ko tana iya nuna jimillar kuɗin tun a kwando, ko sai mutum ya gama cika takarda ya ga farashi ya tashi. Kowa ya san yadda akan ji idan an sallama kaya sa'an nan dillali ya ɓullo da zancen la'ada.

5.0 Inda manhaja take ɗaure hannu da gaske

Duk da haka ba mu ce manhaja ba ta da katanga ba. A 2004 Tobias Lütke ya so ya buɗe kantin sayar da allunan sulu a kan ƙanƙara a Ottawa ta Kanada, ya duba manhajojin da ake da su bai gamsu ba, ya zauna ya rubuta tasa; ita ce ta zama Shopify a 2006. Abin ban sha'awa, manhajar da aka haifa saboda ƙuncin wasu ita ma ta kulle shafin biyanta. Shekaru da yawa sai manyan 'yan kasuwa masu biyan kuɗin haya mafi tsada ne kaɗai suke iya taɓa ainihin ginin wannan shafi, kuma a 2024 su ma aka mai da su ga wani tsari da ke ƙayyade wuraren da za a iya yin ƙari. Manhajojin da mai kanti yake ɗorawa a kwamfutar da ke hannunsa, irin su WooCommerce ta 2011 da Magento, sun bar masa ƙofa a buɗe ya sauya abin da ya so.

Kullewar tana da dalili, kuma dalilin tsaro ne. A 2018 ɓarayi suka cusa wasu 'yan layukan umarni a shafin biya na kamfanin jiragen sama na British Airways suka kwashi bayanan mutum fiye da 400,000, abin da ya jawo wa kamfanin tarar fam miliyan 20 a 2020. Haka kuma da aka daina gyaran tsohuwar Magento a watan Yuni na 2020, ba a yi wata uku ba aka fasa kusan kantuna 2,000 da ke kanta cikin 'yan kwanaki. Saboda haka mai kanti zaɓi yake yi tsakanin 'yancin gyara da nauyin gadi, kuma ba kowa ne yake da ma'aikatan da za su ɗauki wannan nauyi ba.

Katanga ta biyu, wadda muke ganin ta fi tsanani, ita ce zaton da masu ƙera manhaja suka yi game da wanda zai saya. Galibinsu a Turai da Amurka suke, sun ɗauka mai saye yana da katin banki, da gida mai lamba a titi mai suna, da lambar yankin gidan waya da ya haddace. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Nijeriya tana da lambar gidan waya mai alƙaluma shida, amma mutum nawa ne a wannan zaure zai iya faɗin tasa? Mai sayen da kwatancen gidansa shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi, idan manhaja ta ƙi barinsa ya wuce sai ya cika wannan gurbi, ko dai ya zuba ƙarya ko ya rufe shafin. Jumia da Konga, da suka fara a Legas a 2012, sun jawo jama'a ne da tsarin biya bayan an kawo kaya, domin mutane ba su yarda su ba da kuɗi kafin su gani ba. Daga baya kamfanoni irin su Paystack, wanda aka kafa a 2015, suka samar da 'yan manhajojin da ake liƙa wa kwando don ya karɓi tura kuɗi ta banki. Kwandon da ba ya karɓar irin wannan liƙi, komai kyawunsa, ya rufe ƙofa ga wanda ya zo da kuɗinsa a shirye, kuma babu wata dabarar mai kanti da za ta buɗe ta.

6.0 Kafin a yi ƙaura

Hanyar rarrabe laifin ba ta da tsada. Da farko a ƙirga mutum nawa suka isa kowane mataki, daga kwando zuwa adireshi zuwa biya, a ga inda aka fi zubewa. Sa'an nan a zaunar da mutane a kalle su suna saye ba tare da an taimake su ba. Jakob Nielsen ya nuna tun 2000 cewa mutum biyar sun isa su fallasa mafi yawan matsalolin shafi. In an gano wurin, sai a tambaya: shin manhajar ce ta hana gyaransa, ko ba a dai gyara ba ne? Sai amsa ta zama ta farko, kuma a wurin da ake zubar da masu saye da yawa, ƙaura take da hujja.

Ko a nan ma a yi lissafin abin da ƙaurar za ta ci. Adireshin kowane shafi yakan canja, in ba a yi tanadin karkata tsofaffin zuwa sababbi ba, masu zuwa ta hanyar Google za su riƙa cin karo da shafin da babu shi. Daɗin daɗawa, kalmomin sirri a ɓoye ake ajiye su, kowace manhaja da salon ɓoyonta, don haka sau da yawa ba sa ƙaura tare da sauran bayanai. Ranar da sabon kanti ya buɗe, tsofaffin abokan ciniki, waɗanda su ne suka fi saye, za su tarar ana neman su sake kalmar sirri kafin su shiga, watau shingen nan da kantin da Spool ya ba da labarinsa ya sami dala miliyan 300 da ya kawar da shi.