Wankin kafet da darduma da ruwan zafi: wane zafi ne ya isa, wanne ne ke ƙona fata?

Idan hunturu ya shigo Sabon Birni da Isa, ƙura ba ta barin ɗaki. Ku share da safe, kafin la'asar ta sake kwantawa a kan kafet, darduma da katifa. Shi ya sa ake yawan wanke shimfiɗu a wannan lokaci, da kuma gab da azumi da Sallah. Galibi a kan murhu ake ɗora ruwan, wasu su jefa hita a bokiti, wasu kuma su kai wa masu wankin mota ko su ɗauko injin wankin kafet mai ɗumama ruwa, musamman don manyan shimfiɗun masallaci.

Mutane da yawa sun ɗauka sai ruwa ya tafasa yake wanki. Ba haka ba ne. Tafasasshen ruwa yana lalata kafet da injin, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke ƙona yara a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A yankin da zuwa babban asibiti a Sakkwato tafiyar awowi ce, kuma ba kowane lokaci hanya ke biyuwa ba saboda matsalar tsaro, kauce wa ƙunar ya fi neman maganinta sauƙi nesa ba kusa ba.

Yadda zafi ke cin fata

Abu biyu ne ke haɗuwa su yi ƙuna: yawan zafin ruwan da tsawon lokacin da ya yi a jiki. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Moritz da Henriques, sun auna wannan a 1947, kuma har yau da aikinsu ake amfani. Ga kimanin lokacin da ruwa ke ɗauka kafin ya yi wa babba mummunar ƙuna, a ma'aunin Salsiyos:

- digiri 49: minti 5 ko fiye
- digiri 55: kamar daƙiƙa 30
- digiri 60: kamar daƙiƙa 5
- digiri 70: kamar daƙiƙa 1

Ruwa yana tafasa a digiri 100, tururinsa kuma yana iya yin ƙunar da ta fi ta ruwan zurfi. Fatar yaro ta fi ta babba sirantaka, don haka takan ƙone cikin ɗan lokacin da bai kai wannan ba. Haka ma tsofaffi. Masu ciwon suga ko kuturta da jijiyoyin ƙafarsu suka daina ji sukan taka ruwan zafi ba su sani ba, sai daga baya su ga bororo. Mai farfaɗiya kuwa kada a bar masa aikin ɗaukar tukunyar ruwan zafi.

Wane zafi kuke buƙata?

Ya danganta da abin da kuke son kawarwa.

Idan ƙura ce da dauɗar yau da kullum, ruwa mai ɗumi, digiri 40 zuwa 50, da sabulu ko omo ya wadatar. Kakkaɓewa, gogewa da ɗauraya su ne ke fitar da dattin.

Idan jini ne, madara, amai ko fitsarin yaro, ku fara da ruwan sanyi. Zafi yana dafa irin wannan tabo ya kama zare, warin kuma ya zauna.

Idan akwai mai asma ko yawan atishawa a gidan, akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani da ke zama cikin katifa, bargo da kafet, kashinsu ne ke tayar da ciwon. Sun fi yawa da damina domin suna son laima. Ruwan da ya kai digiri 55 zuwa 60 yana kashe su. Da hunturu kuwa ƙurar ce kanta ke tayar da tari, don haka mai asma ya bar wurin idan ana kakkaɓe shimfiɗa.

Idan ƙazuwa ce, ƙwarƙwata ko kuɗin cizo, waɗanda ke saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe, kamar gidajen da suka karɓi 'yan'uwa masu gudun hijira da makarantun kwana, ku jiƙa tufafi da zannuwan gado cikin ruwa mai digiri 60 na aƙalla minti 10. Ku sani cewa wanki kaɗai ba ya maganin ƙazuwa. Dole duk mutanen gidan su yi amfani da maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta a lokaci guda. Ƙwaron ƙazuwa ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ya rabu da jikin mutum, saboda haka abin da ba ya wankuwa ku ƙulle shi cikin leda na aƙalla kwana uku. Wannan dabarar ba ta aiki ga kuɗin cizo, domin yana iya yin watanni bai sha jini ba.

Ke nan babu wani daga cikin waɗannan ayyukan wanki da ke buƙatar ruwan da ya haura digiri 60.

Idan da inji za ku yi

Injin wankin kafet yana fesa ruwa da sabulu cikin zaren, sannan ya zuƙe su. Yawancin injunan gida an ƙera su ne don ruwan da bai wuce digiri 50 zuwa 60 ba. Ku duba takardar injin ko rubutun jikin tankinsa, kada ku haura abin da aka rubuta. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa tankin roba ya lalata mahaɗan tiyo, tiyon kuma zai iya fashewa ya watsa wa mai aiki ruwa a hannu ko fuska.

Ku duba irin kafet ɗin. Na ulu da dardumomi masu rini suna tsukewa ko su zuba idan zafi ya yi yawa, don haka ruwa mai ɗan ɗumi ya ishe su. Na zaren roba sun fi jurewa. Ku gwada a wani lungu kafin ku wanke gaba ɗaya.

Injin tururi daban ne, domin abin da ke fita daga bakinsa ya kai digiri 100 ko fiye. Kada a nuna bakinsa ga mutum, kada a buɗe murfin tankin sai an kashe shi ya huce.

Ku sa takalmin roba, kada ku taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Idan janareta ne ke ba da wuta, a ajiye shi a fili nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kuma kisa cikin rufaffen ɗaki. Mai amfani da hita ya zare ta daga soket kafin ya taɓa ruwan.

Idan babu ma'aunin zafi

Kuna iya kimantawa da awo. Kwano ɗaya na tafasasshen ruwa a kan kwano biyu na ruwan randa yana ba da kusan digiri 50. Kwano ɗaya a kan ɗaya yana ba da kusan digiri 60 ko ɗan sama kaɗan. Kullum ku fara zuba na sanyin a bokiti, sannan na zafin, ku juya da sanda. Kada ku gwada da hannu.

Kada ku zuba bilic cikin ruwan zafi, kada kuma ku gauraya shi da wani sinadarin wanki, domin iskar da ke tashi tana ƙona ido da hanyar numfashi. Kada ku fesa fiya-fiya a shimfiɗar da yara ke rarrafe a kanta.

Yara

Sau da yawa ba wajen wankin ake ƙonewa ba, a hanya ne tsakanin murhu da bokiti, ko a bahon da aka ajiye ƙasa aka juya baya. Ku kai bokitin kusa da murhu maimakon ratsa tsakar gida da tukunya. Ki sauke goyo kafin ki sauke tukunya. A samu babban da zai tsare yara har a gama, kada kuma a aiki yaro ɗauko ruwan zafi. Ruwan wankan jariri bai kamata ya wuce digiri 37 zuwa 38 ba, ku gwada shi da gwiwar hannu.

Bayan wanki ku shanya kafet a rana ya bushe sarai cikin kwana ɗaya. Wanda aka shimfiɗa da laima yana yin fumfuna, ita ma tana tayar da asma.

Idan an ƙone

1. Ku zuba ruwa mai sanyi a wurin har tsawon minti 20. Idan babu famfo, ku yi ta kwarara da buta, ko ku tsoma wurin a roba kuna canza ruwan. Ko an makara, yana da amfani cikin awa 3 na farko.
2. Ku cire jiƙaƙƙen kaya, zobe, awarwaro da laya kafin wurin ya kumbura. Abin da ya manne a fata ku bar shi.
3. Kada ku sa ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, baƙin mai, gishiri, toka ko kashin shanu. Suna jawo ƙwayoyin cuta, suna kuma hana likita ganin zurfin ƙunar.
4. Kada ku fasa bororo. Ku rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle marar gashi ko sabuwar leda mai tsabta, ba tare da ɗaurewa tam ba.
5. Ku lulluɓe sauran jikin yaro don kada sanyi ya kama shi. Ana iya ba da farasitamol daidai da shekaru.

Ku tafi asibiti nan take idan ƙunar ta fi tafin hannun wanda ya ƙone girma, idan ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko mahaɗar gaɓoɓi, idan fatar ta yi fari ko ta daina jin zafi, ko kuma idan jariri ne, tsoho, mai ciki ko mai ciwon suga. Ku fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Sabon Birni ko na Isa, inda za a wanke ciwon, a sa ƙarin ruwa idan da buƙata, a duba rigakafin tetanus. Daga nan ake tura mai babbar ƙuna Sakkwato, zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A hanya ku riƙa ba shi ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan idan yana iya sha, uwa kuma ta ci gaba da ba da nono.

Ƙaramar ƙunar da kuke kula da ita a gida, idan ta fara ruwa, wari ko kumburi, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko ta yi mako biyu ba ta warke ba, ku kai ta a duba.