Wace Tibiri kake nema?

Tibiri biyu ce a Nijar: ta Arewa a jihar Doso, wadda aka ɓalle daga Dogon Dutsi ta zama gunduma a 2011, da ta Gobir kusa da Maraɗi. Ma'aikaci a ofishin magajin gari ya san bambancin. Kwamfuta ba ta sani ba. In shafin binciken takardun haihuwa ko na gonaki ya bar akwati fanko, kowa ya rubuta abin da ya ga dama, sai ta kwaso gundumar da garin Gobir ta zube a tabarma ɗaya.

Maganin da masu gina manhaja suka samo shi ne a ware fom ɗin bincike ya tsaya da kansa, kowane gurbi da irin abin da yake karɓa: wannan rana, wannan lamba, wannan i ko a'a. Gurbin wuri kuwa zaɓi ne daga jeri: Gesheme, Dumega, Kore Mairuwa, Matankari. Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ɗan Denmak ya fitar a 2004, ya samu wannan a 2018 da ActiveModel::Attributes. Duk abin da mutum ya buga, ko da lamba ce, a matsayin rubutu yake isowa. Fom ɗin ne ke juya shi kafin a taɓa rumbun bayanai.

Sai dai juyin nan a shiru ake yin sa, kuma nan ne abin ke damuna. Yaron da ya yi lakwal a Doso zai rubuta jaka da rabi 1.500, yadda aka koya masa. Gurbin lamba na Rails zai karanta 1. Ya rubuta eka 2,5, a ɗauki 2. Ranar da ba ta karantu ba kuwa, a bar gurbin wayam, binciken ya ci gaba kamar ba a tambaya ba. Dole mai ginin ya ƙara sharaɗin da zai tsayar da mutum ya ce masa gyara.

Ga kuma dattawan da takardunsu ke cewa an haife su "wajen 1960", babu rana babu wata. Gurbin da ya nace sai cikakkiyar rana ba zai taɓa nemo su ba. A ba shekara gurbinta daban, a bar wata da rana ga mai su.