Famfon Giris Mai Batir Ko Na Hannu: Wanne Ya Dace Da Aikin Wurno?

A fadamun Wurno da Goronyo, ƙura da laka ke cinye boris ɗin tarakta. In ya ƙone ana tsakar noman rani, kuɗin haya na kwanaki sun tafi. Rigakafinsa giris a kan kari.

Famfo mai batir, irin Makita mai bolt 18, danna maɓalli kawai yake so. Ga direban katafila mai wuraren sa giris barkatai, wannan babban sauƙi ne. Sai dai batirinsa, kamar na wayarka, sai da caji, kuma saurinsa kan cusa giris har robar boris ta fashe.

Tarakta ɗaya gare ka? Na hannu ya ishe ka. Ya fi araha, kuma hannunka zai ji in hanyar giris ta toshe.