Hannayen da Ke Cika Buhunan Citta a Kafanchan

Tun daga bakin titi hanci ke sanar da mutum cewa ya kusa sito. Da hunturu ya kankama, yajin busasshiyar citta yakan gauraye iska a Kafanchan, Kwoi, Kachia da Kubacha, baƙo ya yi ta atishawa. A ciki, mata ne zaune sun miƙe ƙafa gaban tsibin citta, kowace ta rufe hanci da gefen ɗankwali, suna tsince tsakuwa, saiwa da duk yankin da ya yi baƙi. Can gefe samari na ɗurawa a buhu, a ɗora kan sikeli, mai basilla ya ɗinke baki, 'yan dako su jera har kusa da rufi.

Noman citta domin sayarwa ya kafu a kudancin lardin Zazzau ne wajen 1927, daidai lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo. Yau tirela ce ke kwasar kayan zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa, daga nan sai Indiya, Dubai da Turai. Iri biyu aka fi sani, tafin giwa mai ɗorawa-ɗorawa da yatsun biri mai duhu, kuma masu saye na son cittar yankin saboda ƙarfin yajinta da yawan manta.

Sai dai kyan iri ba ya sayar da kaya shi kaɗai. Bayan an tono citta an tsaga ta biyu an shanya, saura aikin da ke buƙatar gwaninta. Gogaggiyar mai tsinta takan karya yanki ɗaya ta saurara: idan ya ce ƙas, ya bushe, idan ya tanƙwaru, da sauran ruwa a jikinsa. Masu fitarwa waje kan nemi danshin kada ya haura kashi 12 cikin ɗari, domin kwantena kan yi makonni a teku cikin zafi, kuma ɗan danshi kaɗan ya isa fumfuna ta kama. Wata fumfunar tana haifar da gubar afilatoksin mai lalata hanta. Tarayyar Turai ba ta yarda jimillar wannan guba ta wuce maikurogiram 10 a kilo guda na citta ba. Buhu kaɗan da aka cika da ɗanyen kaya, ko aka ajiye a ƙasa ba katako a ƙarƙashi, kan sa a ƙi karɓar kwantena sukutum.

Ke nan sunan attajiri a kasuwar duniya yana hannun matar da ke tsugune cikin ƙura. Abin da ke komawa hannunta fa?

Akasarin aikin jinga ne: iya buhunan da aka gama, iya kuɗin da za a karɓa. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Kaduna ta sa nata 72,000, amma dokar ta tsame masu aikin jinga, masu aikin kaka irin na gona, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Da wuya a sami mai aikin sito da bai faɗa cikin ɗayan ukun nan ba. Ga ƙurar citta mai sa tari da raɗaɗin ido, ga ciwon baya. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55, ɗan dako kuwa yini yake yana hawa katako da buhu a ka. Takunkumi da safar hannu ba su kai kuɗin buhu ɗaya ba, kuma abin takaici ne a ce sai an roƙa.

A daminar 2023 cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. An ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12, Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti, aka yi shelar tallafa wa manoma. Manomi yana da gonar da za a je a auna. Mai tsinta da mai ɗinkin buhu kuwa ba takardar ɗaukar aiki, ba suna a rajista. Da hunturun shekarar ya zo, da yawansu sun je bakin sito suka tarar ba kayan da za a tsince.