Azumin Sa'o'i 16: Mai Ciwon Suga Kada Ya Yi Shi Da Ka

Wani salon rage ƙiba ya cika wayoyin mutane: a ci abincin yini gaba ɗaya cikin sa'o'i 8, misali daga ƙarfe 12 na rana zuwa 8 na dare, sauran sa'o'i 16 kuwa sai ruwa ko shayi ba suga. Masu yaɗa bidiyonsa a WhatsApp da TikTok har cewa suke yana warkar da ciwon suga. Ba wanda ke faɗin halin da mutum zai shiga idan ya haɗiyi ƙwayar glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, da sassafe, sannan ya ƙi karya kumallo.

Ita wannan ƙwaya tana sa jiki ya fitar da insulin ne ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma tana daɗewa a jini. Kafin hantsi sai gumi ya karyo, hannu ya kama rawa, zuciya na bugawa, jiri na ɗibar mutum. Wani ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, 'yan uwa su ce iska ce, a yi ta tofi alhali sugansa ne ya faɗi. Mai allurar insulin ma haka, ko fiye. Abin haushin, da yawa cikin masu wannan ganganci sun san likita na sauya musu lokaci da yawan magani duk watan Ramadan. To don me sai a wannan azumi, da ba farilla ba, za a tsallake asibiti a bi maganar wani yaro mai riƙe da waya?

Ba a ce tsarin banza ne ba. A 2023, masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Chicago sun gwada shi wata 6 a kan masu ciwon suga nau'i na 2, nauyinsu ya ragu, sugansu ma ya sauka, amma likitoci na sa ido a kansu. Wani binciken da aka yi shekara guda a Guangzhou ta ƙasar Sin, aka fitar a 2022, ya nuna taƙaita lokaci bai fi rage yawan abinci kawai wani amfani na a-zo-a-gani ba. Don haka wanda ya wuni da yunwa, ya zauna ya share malmalar tuwo uku ya kora da zoɓo mai zaƙi, wahala kawai ya sha.

Mai juna biyu, mai shayarwa, yara da masu nau'i na 1 su bar shi. Saura su fara zuwa wurin likita da magungunansu a hannu. Metformin kaɗai ba ya yawan faɗar da suga, amma likita ne zai tantance. A mallaki na'urar gwaji. Idan ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, a karya nan take da babban cokali guda na suga ko zuma, ko rabin kofin lemo, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.