Shehu: Sunan Yanka Ne Ko Laƙabi?

Duk wanda ya tsaya da hantsi a kasuwar shanu ta Agege, ko a Sabo ta Badun, ya ɗaga murya ya ce "Shehu!", to da wuya a rasa mutum uku ko huɗu da za su waiwayo. Wani mai goro ne, wani direban tirela, wani kuwa yaro ne ɗan makarantar allo. In aka tambaye su asalin sunan, galibinsu za su ce ai na Mujaddadi ne. Haka ɗin ne, amma labarin ya fi nan tsawo, kuma a ƙarshensa akwai wata 'yar matsala da ta shafi aljihun mazauna Kudu.

Kalmar ta Larabci ce, watau Shaikh, kuma ma'anarta ta farko ita ce tsoho, wanda furfura ta bayyana gare shi. Da wannan ma'ana ta zo cikin Alƙur'ani mai girma, kamar a Suratu Hudu inda matar Annabi Ibrahim ta yi mamakin bushara da ɗa alhali mijinta ya tsufa, da Suratul Ƙasasi inda 'yan mata biyu na Madyana suka shaida wa Annabi Musa cewa tsufan mahaifinsu ne ya sa su ke shayar da dabbobi da kansu. Da ya ke dattijo ne ke yanke magana a ƙabilun Larabawa, sai kalmar ta zama ta shugaban ƙabila, sa'an nan ta malamin da ilminsa ya ba shi dattako ko da bai yi furfura ba. Har yanzu gidajen sarautar Kuwait, da Ƙatar, da Bahrain, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna amfani da ita. Shaikh Zayid bin Sultan, wanda ya shugabanci wannan daula tun kafa ta a 1971 har rasuwarsa a 2004, da ita duniya ta san shi.

A ƙasar Hausa kuwa harshe ya tausasa ta, ta koma Shehu, kuma mutum guda ne ya kusa mallake ta. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20 ko kusa da haka, ya yi zaman karantarwa a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, shi kuwa ya rasu a Sakkwato a 1817. Jama'arsa ba su kiran sunansa, Shehu kawai su ke cewa, kuma kowa ya san wanda a ke nufi. Har gobe in Basakkwace ya ce zai je Hubbaren Shehu, ba mai tambayarsa wane Shehun.

Daga nan ne al'adar ta samo tushe. Bahaushe mutum ne mai alkunya, ba ya son a riƙa kwala wa yaro kira da sunan babban mutum, balle a zage shi da sunan in ya yi ɓarna. Saboda haka in an raɗa wa jariri Usman, sai a saya masa da Shehu, kamar yadda a ke saya wa Abubakar da Sadiku ko Garba, Umaru da Faruku ko Sanda, Ahmadu da Tijjani. Yau da gobe sai laƙabin ya danne sunan yanka, har ya zamana akwai masu gemu da ba su san su Usman ne ba sai ran da wata tsohuwa ta tuna musu. Wasu iyayen ma yanzu Shehun su ke raɗawa kai tsaye.

Mafi shahara cikin masu wannan suna shi ne Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda aka haifa a 1925. Tsohon malamin makaranta ne, ya zama Shugaban Ƙasa ran 1 ga Oktoba 1979, soja suka kifar da gwamnatinsa ran 31 ga Disamba 1983, ya rasu a 2018. A zamaninsa Gwamnan Jihar Sakkwato ma Shehu ne, watau Alhaji Shehu Kangiwa, wanda ya rasu a 1981 bayan faɗuwa daga doki a wasan holo a Kaduna. Sai Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, wanda ya zama na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979. Tsofaffin mazauna Ikko za su tuna cewa mahaifinsa shi ne Ministan Harkokin Ikko a Jamhuriya ta Farko. Ya rasu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba 1997. Zazzau kuma ta yi Sarki Alhaji Shehu Idris daga 1975 har 2020.

A Barno labarin dabam ne, domin can kalmar sarauta ce sukutum. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Mai na Barno ya nemi taimakon wani malami, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda a ke kira Shehu Laminu. Malamin ya kare ƙasar, ya kafa Kukawa a 1814, iko ya koma hannunsa, amma bai taɓa kiran kansa Mai ba. Ɗansa Umar ne ya kawo ƙarshen sarautar Saifawa a 1846, kuma tun daga lokacin laƙabin malanta ya zama sunan gadon mulki, Shehun Barno. Abin lura shi ne Shehun nan biyu, na Sakkwato da na Barno, ba su yi ra'ayi ɗaya ba a kan jihadin, har wasiƙun muhawara sun gudana tsakanin al-Kanemi da Muhammadu Bello.

Can yamma, Fulanin Masina suna cewa Seku Amadu, a Gini an yi Shugaba Ahmed Seku Ture, mutanen Senegal kuwa nasu ya fi kusa da na Larabawa, kamar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha wanda ya rasu a 1975. Maƙwabtanmu Yarbawa ma suna da nasu. Gidan sarautar Ilori daga Shehu Alimi ya fito, kuma Markaz ta Agege, wadda Shaikh Adam Abdullahi al-Ilori ya kafa, tana nan kusa da unguwannin Hausawa.

To amma a 'yan shekarun nan kalmar ta sake shigowa da sabuwar riga. Da can manyan masana sun wadatu da a ce musu Malam, kuma ba a ce wa mutum Shaikh sai irin su Abubakar Gumi da Nasiru Kabara, waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu cikin karantarwa da rubuce-rubuce. Yanzu kuwa matashi ya sami lasifika da wayar ɗaukar hoto, mako biyu sai a ga Shaikh a gaban sunansa. Ba wata hukuma da ke ba da wannan laƙabi, ba takardar shaida, jama'a ne ke bayarwa, kuma da alama jama'a sun yi masa araha.

Matsalar da aka ambata a farko ita ce ta takardu. Mutum guda sai a tarar takardar firamare ta ce Usman, katin zama ɗan ƙasa ya ce Shehu, a banki kuma akawu ya rubuta Sheu, yadda Yarbawa ke rubuta shi. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san alkunya ba, mutum uku ta ke gani. Sai a tsayar da kuɗin mutum, ko a dakatar da fasfonsa ana gab da tafiya aikin Hajji, a ce ya kawo takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida, duk da kuɗinsa. Wanda aka yi wa haihuwa a nan Kudu, in Usman ya raɗa, to ya tsaya a kan akawun asibiti ya ga an rubuta Usman, harafi bayan harafi, kuma da shi za a kai yaro makaranta. Shehun a bar wa kakanni su riƙa kira a tsakar gida.